Yadda Ake Ƙara wa Takin Tsibi Ƙarfi da Sinadarai da Ƙananan Halittu

Idan ka soka shebur a tsibin taki, zarni ya doki hancinka har ido ya kawo ruwa, to abincin shukarka ne ke tafiya a iska. Wannan zarnin ammoniya ce, wato naitirojin da ya kamata ya zauna a cikin taki har ya isa gona. Idan kuwa tsibin ya yi wata uku kara na nan kamar yau aka zuba shi, babu zafi babu tururi, ƙananan halittun da ke aikin ruɓarwa ne ke fama da yunwa. Yawancin abubuwan da ake ƙara wa taki, na sinadari ne ko na halitta, waɗannan matsaloli biyu suke magancewa. Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki kuwa ba zaɓen abin ƙarin ba ne, lokacin zuba shi ne. Abu ɗaya da zai gyara tsibi a mako na shida, shi ne zai lalata shi a ranar farko.

Kafin ka sayi komai, gina tsibin daidai

Babu kwalba ko ƙunshin garin da zai ceci tsibin da aka gina a karkace. Ƙananan halittu na bukatar abu huɗu: kabon da suke samun ƙarfi daga gare shi, naitirojin da suke gina jikinsu da shi, danshi, da iska. Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne kashi 25 zuwa 30 na kabon ga kashi ɗaya na naitirojin. Busasshen kara da bambaron hatsi sukan kai wajen 80 ga ɗaya, garin katako kuma yakan haura 200 nesa ba kusa ba. A ɗaya gefen, kashin kaji yana wajen 10 ga ɗaya, na shanu wajen 20, ɗanyar ciyawa ma kusan haka.

Daddatsa karan ƙanana, kada guntu ya wuce tsawon yatsa. Ka jera shimfiɗa-shimfiɗa, busasshe da ɗanye, kana yayyafa ruwa, har tsibin ya kai aƙalla mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi. Wanda bai kai haka ba ba ya riƙe zafi. Danshin da ake so kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ne, kuma hannunka ya isa ya auna: damƙi kayan ka matse da ƙarfi, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito ta tsakanin yatsu, ya yi. In ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa. In ka buɗe hannu ya wargaje, yana jin ƙishi.

Ka nemi ma'aunin zafi mai dogon tsinke da takardar gwajin tsami, wadda ke nuna lambar pH (7 tsaka-tsaki ne, ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kishiyar tsami ce). Da waɗannan biyu za ka san lokacin da kowane ƙari ya dace, ba da kintace ba.

Ranar gini: naitirojin

Idan kana da kashin dabbobi wadatacce, ka tsallake wannan mataki gaba ɗaya. Mutane da yawa suna zuba yuriya a tsibin da kashin kaji ya riga ya cika, sai su ƙara wa zarni ƙarfi kawai. Takin zamani yana shiga tsibi ne idan busasshen kaya ya rinjayi ɗanye.

Ga yadda lissafin yake. Ɗauki kilo 100 na busasshen kara. A ciki akwai kabon wajen kilo 45, naitirojin kuma ɗan sama da rabin kilo. Don a kai 30 ga ɗaya ana bukatar kilo ɗaya da rabi na naitirojin, saura kenan kusan kilo ɗaya. Yuriya tana ɗauke da kashi 46 cikin ɗari na naitirojin, don haka kilo 2 nata ya cike giɓin. In amoniyam salfet gare ka, mai kashi 21 cikin ɗari, wajen kilo 4 da rabi za ka bukata. A lura, nauyin busasshen kaya ake nufi, ba na wanda aka jiƙa ba.

Kada ka watsa ƙwayoyin yuriya a bushe. Narkar da ita a ruwan da za ka jiƙa tsibin da shi, ka yayyafa a kowace shimfiɗa. Ni ina ganin ya fi kyau a raba ta biyu, rabi ranar gini, rabi a juyi na farko, kuma ga dalili. Da yuriya ta taɓa jiƙaƙƙen kaya, wani sinadari da ƙananan halittu ke fitarwa yakan farfasa ta cikin 'yan kwanaki ta koma amoniyam, wato naitirojin da ke narke a ruwa, lambar pH kuma ta hau. Amoniyam yana zaune lafiya a cikin danshi muddin pH bai yi sama ba, amma da ya doshi 9, wajen rabinsa yakan rikiɗe ya zama iskar ammoniya, zafi kuma yana ƙara ingiza shi. Idan ka zuba fiye da abin da halittun za su iya haɗiyewa a lokaci ɗaya, rarar ta tafi. Wannan ya fi tsanani da garin katako: a takarda yana neman naitirojin da yawa, amma kabon ɗinsa a ɗaure yake cikin lignin, sinadarin da ke sa itace tauri, kuma a hankali yake sakuwa. Shi kam a ba shi kaɗan-kaɗan sau uku.

Amoniyam salfet ya fi yuriya riƙe amana, domin yana jan tsibi zuwa ɓangaren tsami. Illarsa ita ce yana barin gishiri fiye da ita.

Masu kama ammoniya

A nan ne ƙarin sinadari ke biyan kuɗinsa, musamman ga mai aiki da kashin kaji ko wani kaya mai naitirojin da yawa. Duk a ranar gini ake sa su, domin asarar ammoniya ta fi yawa a makonni biyun farko, lokacin da tsibi ke tafasa.

Jifsam, wato kalsiyam salfet, shi ne mafi sauƙi. Salfet ɗin da ke cikinsa yana taimakawa wajen riƙe amoniyam, yana kawo kalsiyam da salfa, wato farar wuta, ba tare da ya ɗaga pH ba, kuma yana hana kaya yin maiƙo da dunƙulewa. Shi ya sa masu noman laimar kwaɗin da ake ci ba sa haɗa takinsu babu shi. Kilo 2 zuwa 5 ga kowane kilo 100 na busasshen kaya ya wadatar. A barbaɗa garin siriri a kan shimfiɗar kashi, ba a kan kara ba.

Sufa, wato takin fosfet guda da manoma suka sani, tana yin aiki biyu. Tana da tsami, kuma kusan rabinta jifsam ne, don haka tana kama ammoniya, sannan tana ƙara fosfaras, wanda takin tsibi yakan yi ƙarancinsa. Kilo 2 zuwa 5 ga kilo 100 ita ma. Wuce haka da yawa yana sa tsami da gishiri su danne ƙananan halittu, tsibi ya ƙi ɗaukar zafi. In za ka sa sufa, rage jifsam ko ka bar shi.

Sai garin gawayi, wanda masana ke kira bayoca. Ba ya ciyar da komai da kansa. Amfaninsa ƙananan ramukan da suka cika jikinsa: suna tsotse ammoniya, suna buɗa wa iska hanya, suna zama ɗakunan kwana ga bakteriya. Kilo 5 zuwa 10 ga kilo 100, a daka shi ƙanana amma ba ya zama ƙura ba, a jiƙa shi kafin a zuba. Gawayin itace tsantsa ake nufi, ba dunƙulen da aka haɗa da man kunna wuta ba. Wani dutse mai suna ziyolait yana yin irin wannan aiki na tsotsa, in ana samunsa.

Akwai kuma dabarar haɗa gishirin magniziyam da na fosfet, su kama amoniyam su zama ƙananan duwatsu da ake kira situruvait, masu sakin abinci a hankali a gona. Tana aiki, sai dai tana son awo na ƙwarai, ta fi dacewa da manyan wuraren sarrafa taki.

Dutsen fosfet

Garin dutsen fosfet ba ya narkewa a ruwa, kuma a ƙasar da ba ta da tsami yana iya shekara shuka ba ta mori komai daga gare shi ba. Tsibin taki yana canja wannan. Yayin ruɓewa ana samun tsami-tsami iri-iri da ke lasar dutsen a hankali suna sako fosfaras. Sharaɗin shi ne lokaci: a zuba shi ranar gini, kilo 5 zuwa 10 ga kilo 100, gari mai laushi sosai, ya yi tafiyar gaba ɗaya tare da tsibin. Wanda ya barbaɗa shi a ƙarshe ya ƙara wa buhu nauyi ne kawai. Ba ya kama ammoniya kamar sufa, kada a ɗauka ɗaya ne. Wasu duwatsun fosfet kuma suna ɗauke da kadmiyam, ƙarfe mai guba da ke taruwa a ƙasa, don haka a sayi wanda aka tantance don noma.

Toka da farar ƙasa: garin gyaran gira a rasa ido

Tsohuwar shawara ce a barbaɗa toka ko farar ƙasa a kowace shimfiɗa. Tsarin Indore, wanda masanin noma ɗan Birtaniya Albert Howard ya tsara a garin Indore na Indiya tsakanin 1924 da 1931, ya haɗa da toka da ƙasa don kashe tsami. Amma a tsibin da ke da kashi ko yuriya, pH yakan hau da kansa zuwa 8 ko sama da haka, kuma toka ko farar ƙasa a wannan lokaci buɗe wa ammoniya ƙofa ce. Na fi son a ce kada a sa su a farko ko kaɗan.

Wuri ɗaya suke da amfani tun da wuri: tsibin da ragowar abinci da ɓawon 'ya'yan itatuwa suka yi masa yawa. Irin wannan yakan yi tsami, pH ya faɗi ƙasa da 6, ya tsaya cak da ɗumi-ɗumi yana warin tsami. Ko a nan, fara da juyi da ƙarin busasshen kaya. In bayan kwana biyu takardar gwaji ba ta motsa ba, sai a barbaɗa tokar itace kaɗan, 'yan dintsi, a sake gwadawa. In don fotasiyam da kalsiyam ɗin da ke cikin toka kake so, jira sai taki ya huce ka gauraya. Tokar kwal da ta katako mai fenti ko magani ba sa shiga tsibi sam.

In kuma takin ya gama amma pH ɗinsa ya yi sama ga shukar da ke son tsami, garin farar wuta, ƙasa da kilo ɗaya ga kilo 100, zai sauko da shi. Bakteriya ne ke juya farar wutar ta zama tsami, don haka sai an ba ta makonni.

Ƙananan halittu: wa zai tsira daga zafi?

Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce, kashi da ƙasa da ganye sun riga sun zo da rundunarsu ta bakteriya da fumfuna, kuma a tsibin da aka gina daidai su kaɗai sun isa. Iri mafi arha kuma mafi dacewa shi ne tsohon takin da ya nuna: shebur biyu ko uku a kowace shimfiɗa. Halittun cikinsa sun riga sun saba da aikin. Halittun da ake saye suna nuna bambanci ne a wurare uku: idan kayan masu taurin kai ne kamar bambaro da garin katako, idan babu kashi ko tsohon taki, ko kuma idan kana son takin ya kai wa gona wasu halittu na musamman.

Sai ka san tafiyar zafi. Cikin kwana biyu zuwa huɗu tsakiyar tsibi takan wuce digiri 45, ta kai 55 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas. Ana son wannan zafi, shi ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Dokar hukumar kare muhalli ta Amurka game da takin dagwalon bahaya ta sa digiri 55 na kwana uku ga tsibin da ake hura wa iska, ko kwana 15 da juyi biyar ga dogon tsibin da ake juyawa. Amma zafin nan bai san na gida da baƙo ba. Yawancin halittun da ake sayarwa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 25 da 35. Zuba su a tsakiyar tsibi mai digiri 60 dafa su ne.

Waɗanda za a iya sawa ranar gini su ne bakteriya dangin Bacillus, irin su Bacillus subtilis, domin in zafi ya tsananta sukan naɗe kansu cikin ƙwanso su jira. Fumfunar Trichoderma, wadda ke cin selulos, wato zare-zaren jikin kara, ita ma akan sa ta a farko. A Filifin an gina tsarin gaggauta ruɓar bambaron shinkafa a kan Trichoderma harzianum. Tana aiki a kwanakin farko da kuma gefen tsibi inda babu zafi sosai, amma kada ka sa rai wadda ke tsakiya za ta rayu. In ƙunshi ɗaya gare ka, ajiye mafi yawansa sai gaba.

Akwai kuma haɗin EM (Effective Microorganisms, wato ƙananan halittu masu amfani), wanda Teruo Higa na Jami'ar Ryukyus da ke Okinawa a Japan ya fito da shi a shekarun 1980: bakteriyar da ke sa madara tsami, da yis mai kumbura burodi, da bakteriya masu amfani da haske. Ana tashinsa da awo ɗaya na EM, awo ɗaya na molasis, wato baƙin ruwan sukari mai kauri, da awo 18 zuwa 20 na ruwa, a jarka mai murfi, a ajiye a inuwa kamar mako ɗaya ana sassauta murfin iska ta fita, har pH ya sauka ƙasa da 4 ya yi ƙamshin tsami. Ya fi nuna ƙarfinsa wajen rage wari da kuma tsimin da ake yi a rufe babu iska, wanda ake kira bokashi. A tsibi mai zafi kuwa sakamakonsa ba ya tabbata, kuma wani ɓangare na ɗumin da mutane ke gani bayan sun zuba shi aikin sukarin ne, wanda kowace bakteriya ke so.

Bayan ranar gini aikinka juyi ne. Juya a kwana na huɗu ko na biyar, na gefe ya koma tsakiya, sannan duk mako, ko duk lokacin da zafi ya haura 65. Gyara danshi a kowane juyi. Ka sa takunkumi, domin ƙurar taki tana ɗauke da fumfunar Aspergillus fumigatus mai cutar da huhu, musamman ga mai asma ko raunin garkuwar jiki. Hanci ma ma'auni ne, ruwa ba ya tsami banza: zarni na nufin naitirojin ya yi yawa, a ƙara busasshen kaya da ɗan jifsam, warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin iska ta ƙare, a juya, ba wani gari da zai maye gurbin shebur.

Bayan ya huce: lokacin shigowar baƙi

Idan ka juya tsibi zafi bai sake tashi ba, ya tsaya ƙasa da digiri 40, an shiga matakin nuna. Zafi ya share fage, abinci mai sauƙi ya ƙare, wanda ya riga shiga shi zai kama wuri. Yanzu ne kuɗin da ka kashe a kan halittu zai yi amfani.

Sa sauran Trichoderma. Takin da ta zauna a ciki yana taimakawa wajen danne wasu fumfunan da ke ruɓar da saiwa da kashe tsiro. In ka sa dutsen fosfet a farko, kawo masu narkar da shi, Bacillus megaterium ko wasu dangin Pseudomonas. Azotobacter, mai kamo naitirojin daga iska, shi ne na ƙarshen shiga, kuma yana da sharaɗi: in amoniyam ya yi yawa a kusa da shi ba ya wahalar da kansa, sai ya ci na banza. Ba shi da amfani a tsibin da ke zarni, yana kuma son pH kusa da 7. Idan har yanzu akwai guntayen itace da suka ƙi, fumfunar da ke cin lignin, irin su Pleurotus da Phanerochaete chrysosporium, su ne maganinsu, amma aikinsu na watanni ne.

Yadda za a zuba: duba ranar ƙarewar aiki a jikin ƙunshin, kuma ka guji wanda ya sha rana a kanta, domin abu mai rai ne. Bi awon da aka rubuta. Dama shi a ruwa marar kulorin. In na famfo ne, bar shi a buɗe ya kwana. Kada a haɗa shi a bokiti ɗaya da yuriya, sufa ko toka, kuma kada a yi amfani da abin feshin da ya taɓa ɗaukar maganin fumfuna. Baje takin, yayyafa, juya, tara shi ƙasa-ƙasa yadda ba zai sake zafi ba, rufe da buhunan algarara ko busasshiyar ciyawa a inuwa. Leda mai toshe iska ba ta dace ba. Ba shi mako biyu zuwa huɗu, danshi na nan kamar soson da aka matse. Farin zare-zare ko kore-kore a jikin takin alama ce baƙin sun zauna.

Gwaji kafin gona

Takin da ya nuna baƙi-baƙi ne, yana marmashewa, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Wannan ƙamshi na jiyosmin ne, wanda bakteriyar Streptomyces ke fitarwa. Amma wanda aka yi wa ƙarin sinadari yana iya cika duk waɗannan alamu ya kuma ƙone tsiro saboda gishiri, don haka ido bai isa ba.

Zuba dintsi mai danshi a leda, ɗaure, ajiye kwana uku. In ka buɗe ka ji zarni ko tsami, da saura. Sannan gwajin iri: cika tukunya ɗaya da rabin taki rabin ƙasa, wata da ƙasa zalla, shuka iri 20 na latas ko tumatir a kowace. In na cikin takin sun fito aƙalla takwas cikin goma na waɗanda suka fito a ƙasa zalla, saiwarsu fara, ganye bai ƙone a baki ba, takin ya isa shiga gona. In sun gaza, ƙara masa mako uku, in kuma kana zargin gishiri, rage yawan da za ka zuba ka gauraya da ƙasa sosai.

A gefe ka shuka wake 'yan ƙwaya. Wasu magungunan kashe ciyawa, irin su aminopyralid da clopyralid, suna ratsa cikin dabba, su ratsa zafin tsibi, su fito da ƙarfinsu. Wake yana saurin tona su: sabbin ganyensa sukan murɗe su ƙanƙance. In ka ga haka, babu sinadari ko halittar da za ka ƙara ta wanke takin nan cikin gaggawa. Kai shi gonar hatsi ko filin ciyawa, waɗanda maganin ba ya taɓawa, kuma kafin tsibi na gaba ka bincika inda kashi da karan suka fito.